Hayaƙi a Rijiyar Nomau

Ku gyara zama, ga wata nan. Ba ta dariya ba ce, mai neman dariya ya tashi tun yanzu.

A wani ƙauye an yi wata mata, Tabawa. Mijinta Nomau mahaƙin rijiya ne, yana da ƙanne uku: Jatau, Barau da Talle. Wata ranar damina Nomau yana can ƙasan rijiya yana yasa, hadari ya taso da iska, wani tsohon maɗaci ya tuge ya faɗo ya rufe bakin rijiyar, sai ɗan tsagi da ko hannu ba ya shiga. Aka tsuge da ruwa, kwata ta ɓalle tana kwarara ciki.

Tabawa ta durƙusa a taɓo ta kara kunne a tsagin.

"Malam, kana ji na?"

"Ina ji. Ruwa ya kawo gwiwa. Ki kira yaran nan."

Jatau ne mai injin yankan katako, amma injin yana daji, hayin rafi, rafin kuma ya kawo. Ba wanda ya yarda ya shiga. Shi ya shiga, ya dawo da injin a ka, ruwa na dukan haɓarsa. Da bai ƙetara ba, da gatari za a sa, kuma kun san gatari da maɗaci sai a kwana.

Aka tayar da inji, ya ciji itacen ya shaƙe. Aka sake, ya sake mutuwa. Tsoho ne, ba shi da ƙarfin wannan aiki. Barau bakanike ne, ya karɓe shi ya huda salansar, wato mafitar hayaƙin, da ƙusa, ya buɗe wa fetur hanya, ya ƙara baƙin mai don kada ya ƙone. Injin ya tashi da ruri, yana aman hayaƙi shuɗi mai kauri. Tabawa ta ji daɗin wannan ruri har cikin ranta, baiwar Allah.

Saura mai yanka. Gindin yana lilo a kan gaɓa mai zaftarewa, in aka yanka ta sama zai rufta ciki. Talle ya kwanta rubda ciki a bakin rijiyar, ya shigar da injin ta ƙasa, inda kowa ya ji tsoro. A haka bakin salansar ya fuskanci tsagin. Ba wata hanyar riƙe shi.

Nomau yana ta magana daga ƙasa, har yana tsokanar Talle wai hannunsa ba ƙwari. Can ya ce kansa na sarawa. Can Tabawa ta daina jin sa, ta ce a ranta ƙarar inji ce.

Itace ya rabe, aka ja shi gefe, hayaƙi ya taso daga rijiyar kamar daga murhun ɗanyen itace. Aka zura igiya, ba a kama ba. Da aka fito da shi, ruwa iyakarsa ƙirji, ba ƙwarzane ko ɗaya a jikinsa, kuma ba rai. Tabawa ba ta yi kuka ba, zama kawai ta yi a taɓon. Baƙin cikin ya fi ƙarfin hawaye.

Bayan an share makoki suka zo mata ɗaya bayan ɗaya. Jatau ya ce, "Yaya, ni na kawo shi." Barau ya ce, "Ni na sa shi hayaƙi, kuma na san abin da hayaƙi ke yi." Talle ya ce, "A hannuna yake, ni na juya masa shi." Kowanne yana roƙon ta yafe masa shi kaɗai, ta bar sauran. Ita kuwa ta san da ɗayansu ya noƙe, ruwa ne zai cinye mijinta tana ji.

Kada wani ya ce mini kwana ne ya ƙare, wannan duk mun sani. Ni abin da nake tambaya: a cikin ukun nan, wane ne alhakin ran Nomau ya fi hawa kansa?