Taƙin Zaren Gwamma

Tun zamanin da dorina ke kiwo da rana tsaka a bakin Tabkin Marke babu mai ce mata kanzil, akwai wani maharbin ruwa da ake kira Anaruwa Mai-zago. Zago shi ne mashin nan mai ƙugiya da igiya a gindi, wanda ake sukar kada da manyan kifaye da shi. Tsofaffi sun ce in Anaruwa ya nutse, mace takan ɗora tukunya ta tuƙa tuwo ta kwashe bai ɓullo ba. Sun kuma ce kadoji kan dare su ba shi hanya in ya shigo ruwa. Ni dai ban gani ba, amma waɗanda suka ba ni labarin ba su cika ƙarya ba sai ɗan abin da ba a rasa ba. Kirarinsa kuwa har yau makaɗa na yi: "Anaruwa na gindin marke, igiyarka ba ta dawowa banza, kada ya gan ka ya yi sha'awar tudu!"

Shi kaɗai yake zaune a bukkarsa. Bai taɓa aure ba, bai san kan yara ba, ya fi sanin halin tarwaɗa a kan na ɗan Adam.

A shekarar da annoba ta cinye ƙauyukan gabas, wata tsohuwa mai suna Gwamma ta iso bakin tabkin da marayu goma sha ɗaya a bayanta. Biyu daga ciki jikokinta ne: Tunau, ɗan shekara tara, da ƙanwarsa Ajuji, mai shekara bakwai. Sauran tsinto su ta yi a ƙofofin gidajen da babu sauran babba. Anaruwa ya karɓe su, ya kafa musu bukkoki. Sai dai sun zo a mugun lokaci, domin a damanar da ta wuce wani tsohon kada, wanda da alama bai ji kirarin ba, ya tauna masa hannun dama har ya shanye. Ba ya iya jifa da zago, kuma hannu ɗaya ba ya ciyar da baki goma sha uku. Ya zama dole yaran su koyi kamun kifi da kansu.

A nan gwani ya yi kuskuren da gwani kaɗai kan yi. Ya buɗe jakarsa ya raba musu kayansa na ainihi, don a ganinsa ba a ba marayu na banza. Ƙugiyar ƙarfe mai tsawon yatsa, igiyar rama mai tufka uku wadda za ta iya ɗaure bijimi, da kwaɗo ɗungurungum a bakin ƙugiya. Ya koya musu naɗe igiya a hannu yadda ubansa ya koya masa, ya kuma faɗa musu abin da aka faɗa masa yana yaro: masunci ba ya saki.

Ran kwana na uku da hantsi, giwan ruwa ta haɗiye kwaɗon Tunau. An ce kifin ya kai ƙyauren ɗaki. Yaron ya ji maganar malaminsa, bai saki ba. Kafin sauran yara su gama ihu ruwa ya rufe a kansa. Anaruwa ya faɗa da hannunsa ɗaya, ya yanke igiyar a can ƙasa, ya fito da shi, amma rai ya riga ya yi halinsa. Sai da aka ɓamɓare yatsun yaron ɗaya bayan ɗaya kafin a raba shi da guntun igiyar.

Bayan an binne shi, Gwamma ta tsaya gaban Anaruwa, idonta a bushe.

"Mai-zago, mun gode da masauki," in ji ta. "Babu yaron da zai sake taɓa ruwan nan. Da tsayuwar wata za mu tashi."

Su biyun sun san abin da tashin ke nufi. Tsakaninsu da gari mafi kusa kwana tara ne na daji babu rijiya, ga yara ana ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Rabinsu ba za su kai ba. In kuma sun zauna ba su shiga kamun kifi ba, yunwa ce za ta ɗauke su a hankali. Kwana goma sha biyu suka rage wata ya tsaya.

Baƙin ciki ya kusa kashe mutumin nan, amma bai kwanta ba. Ya rataye ƙugiyoyinsa na ƙarfe a jikin itacen marke, ya shiga daji. Ya tsinko ƙayar aduwa, ya gasa ta sama-sama ya lanƙwasa, ta zama 'yar ƙugiyar da bakin karfasa kaɗai zai ɗauka. Ya saro sandunan geza marasa nauyi, daidai tsawon yaro da rabi, don kada a ƙara naɗe igiya a hannu. Ya ɓare tsohon kara ya ciro totuwa, ya ɗaura a tsakiyar igiya don ta yi iyo, yaro ya san kifi ya taɓa ba sai ya ji fizga ba. Maimakon kwaɗo ya tono tana a ƙasa mai laima, ya gutsuttsura, ya kuma fasa suri ya kwaso gara ya watsa a bakin gaɓa, inda ruwa bai wuce gwiwa ba, ƙananan kifaye suka taru kamar an yi musu shela. Mutumin da dorina ke tsoro ga shi durƙushe yana lallashin tana.

Abu ɗaya ya rage, shi ne ya fi damunsa. Ya san babban kifi yakan biyo ƙarami. Sai ya gwada yaran a kan tudu: ya ɗaura gasasshen kifi a igiya, ya ba su su riƙe, ya ce in ya ja ya ce "saki" su saki. Ya ja, ya ce saki. Ko ɗaya bai saki ba. Wani ƙarami ma har da haƙora ya haɗa, aka ja shi cikin yashi yana riƙe. A nan Anaruwa ya gane cewa ba a koya wa yaro mai yunwa saki. In yaron ba zai saki ba, to dole igiyar ce za ta sake shi.

Ya iske Gwamma a inuwa tana kaɗi da mazari, don ko a gudun annoba ba ta bar audugarta ba.

"Inna, zare nake roƙo."

"Igiyarka ba ta ishe ka ba?"

"Ta yi yawa, Inna. Ina son zaren da zai ɗauki karfasa, amma ya tsinke kafin ƙafar yaro ta ɗaga daga ƙasa."

Ta dube shi. "Kai da ake wa kirari da igiyar da ba ta dawowa banza?"

"Kirarin nan ne ya ci Tunau," in ji shi.

Gwamma ta sunkuya ta ci gaba da kaɗi, a ranar ne aka fara ganin hawayenta. Kwana biyu suna gwaji a kan yashi. Ajuji ta riƙe sanda, Anaruwa ya fizga. Zare mai sili huɗu ya ja ta taku biyu, Gwamma ta jefar. Mai sili uku ya goce mata da ƙafa, ta jefar. Mai sili biyu ya tsinke yarinya na tsaye. Shi suka yanka taƙi ɗaya, suka ƙulla tsakanin igiya da ƙayar aduwa.

"Jikata za ta fara, don kada a ce na yi gwaji da 'ya'yan mutane," in ji Gwamma. "Zan tsaya a bayanta. In ruwa ya taɓa ƙafarta, gobe mun kama hanya."

Da safe kowa ya taru. Ajuji ta jefa, totuwa ta yi rawa ta nutse, ta ɗago karfasa kamar tafin hannu. Ta kama ta biyu, ta uku, ta huɗu, yara na tsalle. Tana janyo ta biyar sai ruwa ya tsage, wani baƙin baya ya taso, giwan ruwa ta haɗiye karfasar da ƙayar gaba ɗaya. Sandar geza ta lanƙwashe. Yarinyar ta ƙanƙame ta da hannu biyu ta cije leɓe, kamar yadda wanta ya yi. Gwamma ta kai hannu, amma kafin ta taɓa ta zaren ya tsinke. Ajuji ta faɗi zaune daɓas a kan busasshen yashi, ta fashe da kuka.

"Kaka, ya tafi da kifina."

Gwamma ta rungume ta, ta shafa ƙafafunta ta ji su a bushe, sai ta ɗaga kai ta rangaɗa guɗa, irin wadda ake yi ranar haihuwa. Anaruwa kuwa, wanda tun da yake kifi bai taɓa kufce masa ba, ya zauna a gaɓa yana kallon kifin na tafiya, ya rufe fuska da hannunsa mai lafiya.

Wata ya tsaya, ba wanda ya tashi. Yaran nan goma su ne kakannin mutanen Tungar Anaruwa. Shi da kansa ya rayu har ya ga 'ya'yansu, kuma bai sake yarda a yi masa kirari a gabansa ba.

Yanzu ƙayar aduwa ta tafi, ƙugiyar kanti ake saye, amma har gobe a tungar nan ba a ba yaro fatsa sai kakarsa ta kaɗa masa taƙin zaren auduga mai sili biyu ta ƙulla da hannunta. Zaren Gwamma suke ce masa. Baƙin masunta kan yi musu dariya, wai mutane ne masu asarar kifi da gangan. Su kuwa ba sa jayayya. In ka ji guɗa daga bakin tabki da hantsi, ba biki ake ba, zaren wani yaro ne ya tsinke. Kifi ya tafi, yaro ya dawo gida.