Irin Kuɓewar da Aka Soya

Ya 'yan uwa, ruwa ya ɗauke, kaka ta shigo. Kowa ya ga abin da garkarsa ta ba shi bana, ya fara ware irin baɗi. A kan irin nan nake so mu tsaya.

An yi wani mai garka a unguwar Kirkissoye, bakin kogi. Ba zan kama sunansa ba, yana raye, kuma ya tuba. Ya gaji wata kuɓewa daga mahaifinsa, gajera, mai yauƙi, mai saurin 'ya'ya. In ya kai ta kasuwar Petit Marché, kafin hantsi ta ƙare.

Kun san al'adarmu: da kaka, in maƙwabci ya roƙi iri, ba a hana shi. Mutumin nan bai taɓa hanawa ba. Har da murmushinsa! Amma kafin ya bayar, sai ya zuba irin a kasko ya ɗan soya, yadda ido ba zai gane ba. Bayin Allah su shuka, su yi ta jido da bokiti, shiru. Shi kuwa ya girgiza kai ya ce, "Ƙasarku ce ba ta karɓe shi ba." Shekara bakwai yana haka. Wallahi in na tuna gumin da ya sa mutane suka zubar a kan matacciyar ƙwaya, raina ɓaci yake.

Sai daminar da kogi ya tumbatsa. Ruwa ya shanye garkar tun kuɓewa ba ta ƙosa ba, ya rushe bukkar da yake ɓoye tulun iri. Da ruwa ya janye, ya bi gida-gida yana neman ko ƙwaya goma. Wa zai ba shi? Ba duk matacce ya raba musu ba? Da hannunsa ya kashe gadon ubansa. Baƙin ciki ya sa ya tona kansa a bainar jama'a, mutane suka daina amsa masa sallama.

Yana zaune cikin laka, sai ga Zeinabou, wata dattijuwa mai suyar gyaɗa, wadda sau uku yana ba ta soyayyen iri. Ta miƙa masa ƙulli.

"Wannan fa, Inna?"

"Kuɓewar babanka ce. Bara ka zubar da kara bayan shinge, na kwasa don hura wuta, na tarar da busassun 'ya'ya uku a jiki. Na shuka a gidana kan tudu."

Ya kasa ɗaga kai. "Inna, kin san abin da na yi miki?"

"Ni da nake kan kasko shekara talatin? Tun ran farko na ji ƙamshin. Karɓi, ɗana. Nawa ban soya ba."

Ya 'yan uwa, rowa ce ta tsiyata shi, ba kogi ba. Da ya bayar tsakani da Allah, da ya iske kuɓewarsa a garka ashirin. Abin da ya zubar bai sani ba shi ya cece shi, ina ga abin da ka bayar don Allah?

Bana na gan shi da faifai a bakin garka, yana kiran masu wucewa su ɗebi iri.

Allah ya tsare mu da rowa da ha'inci, ya sa abin da muka shuka ya tsiro. Amin.