Kurege da Saƙon Hayin Kogi

Ga ta nan, ga ta nanku, ta sha hanya ta iso.

Ta zo mu ji ta, ta sha ruwa daga baya.

Wai wata shekara Kurege ya ji labarin ƙasar Hayin Kogi. Aka ce masa can akwai dalar gyaɗa da ta fi rimi tsawo, in kaka ta yi baƙi sukan zo daga ko'ina su zagaya ta, su riƙe baki, a ba kowa ya ɗanɗana, su koma gida. Kurege ya ce shi ma zai je yawon buɗe ido.

Matarsa ta ce, "Buɗe ido ko buɗe baki?"

Ya ce, "Ke dai wanke mini babbar riga."

To, tsakanin ƙasarsu da Hayi akwai gada, a kan gadar an gicciya gora, a gindin gorar Kura ke zaune, ita ce mai tsaron iyaka. Kurege bai taɓa ƙetarewa ba, sai ya tafi wurin Kunkuru, wanda ya taɓa zuwa tun yana saurayi.

"Baba Kunkuru, me ake shiryawa?"

Kunkuru ya ce, "Da farko allura. Ba a shiga ƙasar mutane sai Rina ta yi maka allura. Kumburin shi ne shaidarka, shi Kura za ta duba."

"Ba a iya yi wa matata, ni in tafi da labarin?"

"Ba a iyawa. Sai kuma kaya. Kura za ta tambaye ka wa ya ɗaure su. In guzurinka ne, ka wuce da abinka. In saƙon wani ne, a nan ake sauke shi, a aika masu shi su zo su karɓa da hannunsu. Ni dai shawarata, ɗana, kada ka ɗauki ƙunshin da ba ka ga cikinsa ba."

Kurege ya yi godiya. Amma duk cikin maganar nan, zancen saƙo ne kaɗai ya zauna masa.

Ya je wurin Rina. Ta ce a ina za a yi? Ya ce inda ba zafi. Ta yi masa a hanci. Hanci ya kumbura ya yi kamar gauta, ya toshe, ko ƙanshin miyar gidansa ba ya ji.

Kun dai san al'ada, matafiyi ba ya fita sai ya bi gida-gida ya yi sallama, duk mai ɗan'uwa a can kuma sai ya ba da saƙo. Kuma ba a tambayar me ke ciki. Wanda ya tambaya, ko a ce yana zargin mutane, ko a ce makwaɗaici ne. Kurege ya bi gidajen unguwa kaf, har da waɗanda ya yi shekaru ba ya gaishe su. Dabararsa kuwa ita ce, da ya ƙetare ya sami inuwa ya cinye komai, in ya dawo ya ce ruwa ya ci.

Ya shiga gidan Bushiya. "Inna, zan ƙetare Hayi, ko akwai saƙo?"

"Akwai, ka kai wa 'yata da ke aure can."

"Kawo, kayan zumunci ba su da nauyi."

Ya shiga gidan Gafiya. "Goggo, zan ƙetare Hayi, ko akwai saƙo?"

"Akwai har biyu, ka kai wa ƙanen maigidana."

"Kawo, kayan zumunci ba su da nauyi."

Ya shiga gidan Kunama. "Yaya, zan ƙetare Hayi, ko akwai saƙo?"

Kunama ta shiga ɗaka ta daɗe, sannan ta fito da ƙwarya an rufe da faifai an ɗaure da igiya. Ta ce, "A riƙe a hankali. Ban da jijjiga, ban da rana."

Kurege ya ce a ransa, abin da ba ya son rana ai man shanu ne. A fili kuwa ya ce, "Kawo, kayan zumunci ba su da nauyi."

Da hantsi ya isa gada, kaya a ka, hanci a gaba. Kura ta dubi hancin, ta latsa shi da farce har ya yi ƙara, ta ce, "Allura ta kama. Me za ka yi a Hayi?"

"Kallo kawai, ranki ya daɗe."

"Sai yaushe za ka dawo?"

"Sai ido ya ƙoshi."

"Wa ya ɗaure kayan nan?"

"Ni da hannuna. Duk guzurina ne."

Kura ta dube shi, ta dubi kayan. "Kai ɗan mitsitsin nan?"

"Gado ne, ranki ya daɗe. Mu a gidanmu jiki ƙarami, ciki babba."

"To madalla. Mai guzuri ba ya tsoron guzurinsa. Kwance ɗaya bayan ɗaya, ka ci in gani."

Kurege ya ji daɗin wannan doka. Ya kwance na Bushiya, ƙuli-ƙuli ne. Ya ci, ya ci, sai da Kura ta ce ya isa.

Ya kwance na Gafiya na farko, ya ga wani baƙin dunƙule. Da hancinsa na aiki da ya san sabulun salo ne, to hanci na Rina ne yanzu. Ya zaci alewa ce, ya gatsa da ƙarfi. Ya tauna, ido ya kawo ruwa, kumfa ya fara fitowa ta gefen baki.

Kura ta ce, "Wannan kumfar fa?"

"Daɗi ne, ranki ya daɗe. In ya yi yawa haka yake fitowa."

"To ƙara."

Ya ƙara.

Ya kwance na biyu, garin ganye ne kore. Filasko ne, maganin wankin ciki, Gafiya ta aika wa ƙanen mijinta da cikinsa ya ɗaure. Ɗan tsunkule ake sa wa a kunu, a kuma zauna kusa da gida.

Kura ta ce, "Garin mene ne?"

"Kuka ce."

"A bushe kake cin kuka?"

"Mu matafiya ba mu jiran tukunya."

Ya cika tafin hannu ya watsa a baki. Kura ta ce bai ci kamar mai marmari ba. Ya sake cikawa.

Saura ƙwarya. Kurege ya ce a ransa, to ga man shanu, in wanke bakina. Ya kwance igiya, ya ɗaga faifai kaɗan, ya leƙa. Sai ga surukar Kunama, tsohuwa tukuf, a zaune, ƙari a sama. Ashe ita ma Hayi take son zuwa, amma ta rantse ita da take yi wa mutane allura ba mai yi mata.

Tsohuwa ta ce a hankali, "Rufe, ɗan nan, iska na shigowa. Mun wuce?"

Kurege ya rufe.

To ga shi nan. In ya ce saƙo ne, ya yi ƙarya, ya kuma ɓoye mai rai a cikin kaya, hukuncin Kura kuwa iri ɗaya ne, kuma ba a ɗaukaka ƙara daga cikin tumbi. In ya ce guzuri ne, sai ya ci.

Kura ta ce, "Me ka tsaya yi? Ci."

Kurege ya rungume ƙwarya a ƙirji ya ja da baya. "Ranki ya daɗe, ki yi wa Allah. Duk sauran na ci a gabanki. Wannan kam ki bar mini shi a rufe."

"Don me?"

"Ba komai."

"Na ce don me?"

Ya sunkuyar da kai. "Ɗan dambun nama ne, an soya da man shanu. Kaɗan ne, ba zai ishi babba ba."

Yawu ya ɗigo daga bakin Kura. Ta gyara murya ta ce, "Nama ba ya ƙetare iyaka. An kama shi."

"Wayyo, ranki ya daɗe, Baba Kunkuru bai faɗa mini wannan dokar ba!"

"Sabuwa ce."

Ta fizge ƙwarya, ta ture faifai, ta cusa baki gaba ɗaya. Tsohuwa kuwa ba ta son iska, balle numfashin Kura. Ta yi mata allura a hanci, irin wadda ba a nema ba. Kura ta yi tsalle, ta yi fatali da gora, ta faɗa kogi tana kiran uwarta.

Tsohuwa ta fito ta karkaɗe jiki, ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan," ta kama hanyarta. Kurege ya tattara sauran ƙuli-ƙuli ya ƙetare gada a guje.

Yana taka ƙasar Hayi, ya hango kan dala can nesa. Sai cikinsa ya yi ƙugi. Ya dubi dala, ya dubi wata sabara a bakin hanya, ya zaɓi sabara. Ya fito, ya gyara riga, ya nufi dala, ciki ya sake kira. Ya koma sabara. Ya fito, ciki ya kira, ya koma. Haka ya yi ta yi, ana kiɗa yana ji, ana raba gyaɗa yana ji, har fatake suka zo da raƙuma suka kwashe dala buhu-buhu.

Ya dawo gida ta wani mashigi can ƙasa, ruwa iya wuya, don ba ya son ya dami Kura da gaisuwa. Ya rame, riga ta yi masa yawa. Unguwa ta taru a ƙofar gidansa.

Kunkuru ya ce, "Ya ka ga Hayi?"

"Ƙasa ce mai albarka, Baba. Irin sabararsu ban taɓa gani ba. Ga inuwa, ga sirri, ga laushin ganye."

"Dalar fa?"

"Dala ai ta sababbin baƙi ce. Ni ƙasar kanta na je gani."

Bushiya ta matso. "Saƙonmu fa, ya isa?"

Gafiya ta ce, "Don Allah faɗa mana gaskiya."

Kurege ya dafa ƙirji ya ce, "Inna, Goggo, ku kwantar da hankalinku. Duk abin da kuka ba ni ya ƙetare, a ƙasar Hayi na sauke shi, ban dawo da ko ƙwaya ba."

Ƙurunƙus kan ɗan kurege. Ba don wutar nan ta ci itacen ba, da na ƙara muku ƙarya. Abin lura dai shi ne, in za ka ci amanar maƙwabta, ka bari sai hancinka ya saɓe.