Farin Ƙyallen Baba Irmiya

Akwai wani mutumin Wusasa mai suna Istifanus Gambo, yana zaune a unguwar Safa a Jidda, yana aikin ɗiban jini a ɗakin gwaji na wani asibiti. Jama'a, ku karanta wannan a natse. Ni kaina da aka ba ni labarin sai da na ajiye waya na yi jugum.

Istifanus Kirista ne ɗan ɗarikar Angilikan. Su kusan talatin ne, Turawa da 'yan Indiya da 'yan Uganda da shi, sukan taru ranar Juma'a da safe a falon wani injiniya Bature, su ja labule, su yi sujada da murya ƙasa-ƙasa. Ba su da limami zaunanne. Istifanus ne ya ba da kansa yake jagorantar sujadar, don Allah kawai.

Sau biyu a shekara wani limami yakan zo daga waje. Kafin ya koma sai ya tsarkake gurasar Jibin Ubangiji, ya bar 'yar kaɗan a cikin wani ƙaramin gwangwani, saboda marasa lafiyan da ba za su iya zuwa taro ba. Istifanus kaɗai aka ba izinin kai musu ita. In ta ƙare kuwa, sai a jira dawowar limami.

Suna da doka ɗaya: ba a gaya wa baƙo inda ake taruwa sai wani ɗan taron ya tsaya masa. Dokar tana da dalilinta, ba mai musu. Amma mutumin naku ya mai da ita abin taƙama. Har bugun ƙirji yake yi yana cewa, "Shekara shida ina riƙe da ƙofar nan, ko ƙuda bai taɓa shiga ba."

Wata Talata aka kawo wani dattijo gwajin jini, ƙafafunsa a kumbure, ciwon ƙoda ya ci ƙarfinsa. Sunansa Irmiya, mai walda ne a wata masana'anta. Yana miƙa hannu sai idonsa ya faɗa kan sunan da ke maƙale a rigar mai ɗiban jinin.

"Istifanus?" ya faɗa a hankali. "Ɗana, kai namu ne?"

"Daga Zariya nake, Baba."

Dattijo ya riƙe masa hannu, ido ya ciko. "Shekara goma sha ɗaya rabona da Jibin Ubangiji. Don Allah, a ina kuke taruwa?"

Istifanus ya waiga hagu da dama, ya zare hannunsa. "Ban san abin da kake nufi ba, Baba. Danne audugar nan."

Haka kawai fa! Ya liƙa wa kwalbar suna, ya kira na gaba.

Bayan kwana biyu wani mutum ya tare shi a wurin ajiye motoci. Mazen sunansa, direban masana'antar, Musulmi, jikan Hausawan da suka zo aikin Hajji tun da daɗewa suka zauna. Hausarsa a cakuɗe take da Larabci.

"Ya duktur, Ammi Irmiya ya aiko ni. Ya kwanta, ba ya iya tashi. Kafili, wato maigidansa a wurin aiki, yana shirya masa takardun komawa gida, amma wallahi ban ga alamar zai kai ba. Ya ce akwai gurasa ta ibadarku da ake kai wa mara lafiya. Ita kawai yake so."

Istifanus ya kalle shi sama da ƙasa. A ransa ya ce, "Me ya haɗa wannan da gurasarmu? Kada dai tarko ne." A fili kuma ya ce, "Zan duba. Wataƙila Juma'a."

"Juma'a? Halas, zan gaya masa." Mazen ya rubuta masa lambar ɗakin, ya tafi da murnarsa.

Gurasa uku ce ta rage a gwangwanin. Juma'ar farko Istifanus ya ɗauki ɗaya ya kai wa matar injiniyan, wadda aka yi wa aiki a gwiwa. Aka kawo masa shayi da kek, aka yaba masa, ya zauna har la'asar yana dariya. Da ya tuna da dattijon sai ya ce wa kansa Madinar Masana'antu, inda masaukinsa yake, da nisa, ga rana.

Juma'a ta biyu kuma zaman shirin Kirsimeti ne ya riƙe shi. Mazen ya bar masa saƙo sau biyu a asibiti, bai neme shi ba. Ba mantawa ya yi ba, jama'a. Yana sane sarai. Ya dai ga cewa mai walda da babu wanda ya tsaya masa zai iya jira.

Ranar Juma'a ta uku yana tsaye gaban taro yana jan addu'ar furta zunubi. Da ya zo wurin da ake roƙon gafarar abin da ya kamata mutum ya yi amma bai yi ba, sai harshensa ya ɗaure. Mutane suka ɗago kai suna kallonsa. Da ƙyar ya ƙarasa. Ana tashi ya sa gwangwani a aljihu, ya nufi Madinar Masana'antu ko sallama bai yi ba.

Ya isa masaukin ma'aikata daidai ana dawowa daga masallaci. Mazen ya hango shi, ya tsaya cak.

"Ina Baba?" in ji Istifanus.

"Ya rasu ranar Laraba, ya duktur. Halas."

Ya ja shi zuwa ɗakin. Gadaje shida ne na ƙarfe, wani kan wani. An naɗe katifar na ƙasa. A gefensa akwai kwalin ruwa a kife, an shimfiɗa masa wani farin ƙyalle mai tsabta, an goge shi tas.

"Wannan fa?"

"Naka ne," in ji Mazen. "Ya ce a ƙauyensu, in za a kawo wa mara lafiya gurasar, sai an shimfiɗa farin ƙyalle. Ni nake wanke masa, ni nake guga. Kuma ya ce ba a karyawa kafin a karɓa. Juma'a biyun nan, tun asuba ba ya cin komai, yana kallon ƙofa. In ce masa, 'Ya Ammi, ci abinci ka sha maganinka.' Ya ce a'a, ɗansa, wato kai, yana hanya. Sai magariba ta yi yake yarda ya ci."

Istifanus ya dafa ƙarfen gadon.

"Ni na so in zo asibiti in ci mutuncinka," Mazen ya ci gaba. "Shi ya hana. Ya ce, 'Kada ka yi masa faɗa. Wataƙila akwai waɗanda suka fi ni ciwo.'"

Nan Istifanus ya tuna da shayi da kek. Ya durƙusa gaban kwalin, gwangwani a hannu da gurasa biyu a ciki, ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun rasuwar mahaifinsa. Kunya ta rufe shi. Mutumin da ya ɗauka tarko shi ne ya yi wa Irmiya hidimar da shi, jagoran sujada, ya ƙi yi.

Mazen ya bar shi har ya yi shiru, sannan ya naɗe ƙyallen ya miƙa masa. "Akwai wani naku a ɗaki na tara, ɗan Uganda, inji ya karya masa ƙafa. Yalla, tashi."

Ya tashi ya bi shi.

Juma'ar da ta biyo, Istifanus ya tsaya gaban taron ya faɗi abin da ya yi, bai rage komai ba, ya ce su sauke shi. Ba su sauke shi ba. Suka dai gyara dokar: mara lafiya ba ya bukatar wanda zai tsaya masa, za a je masa a ranar da ya kira.

Yanzu kowace Juma'a da rana yana Madinar Masana'antu, gwangwani a naɗe cikin farin ƙyallen. Mutane sun ce ya zama mai tausayi. Shi kuwa ya san abin da ya sani. Duk lokacin da zai shimfiɗa ƙyallen nan gaban wani, sai ya tuna cewa wanda ya tanade shi bai ci komai a kansa ba.

Darasi: In aka ba ka amanar hidima, kada ka auna mutane da matsayinsu ko da wanda ya tsaya musu. "Wataƙila Juma'a" da ka faɗa don a rabu da kai, wani ya riƙe ta alkawari yana jiranka da yunwa. In akwai wanda ka ce wa za ka zo, ka je yau. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu riƙe da amanar jama'a.