Itatuwan da Dokta Abdulsalam Ya Dasa wa Mahaifinsa

Dokta Abdulsalam likita ne a unguwar Longsight da ke Manchester, mutum mai fara'a da sakin hannu. Ban taɓa jin wanda ya je wurinsa da matsala ya dawo yana ƙorafi ba. Aibinsa ɗaya ne: ba ya karɓar shawara daga wanda bai kai shi shekaru ba. Kafin ka rufe baki ya ce, "Ai na sani." Matarsa Rabi'a kan ce da za a sayar masa da kalmar nan, da tuni ya tsiyace.

A bayan gari akwai wani ɗan ƙaramin dam da aka tare da tudun ƙasa tun zamanin masaƙu. Yanzu ya zama wurin shaƙatawa, agwagin ruwa na iyo, tsofaffi na kamun kifi, wata ƙungiyar 'yan sa-kai ce ke kula da shi. Abdulsalam yana cikinsu, kuma yana son wurin har cikin ransa.

Da mahaifinsu ya rasu a Kano, Abdulsalam ya ƙudurta yi masa sadaka mai gudana. Ya ga tudun dam ɗin fayau yake, babu inuwa, sai ciyawa. Sai ya samo rassan wani itace mai son ruwa da Turawa ke kira wilo, wanda ake dasawa kamar yadda ake dasa ceɗiya a gida. Ya buga wa ƙanensa Nazir waya, wanda injiniya ne a Birmingham, don ya yi masa albishir.

Nazir ya ce, "Yaya, niyya ta yi kyau, Allah ya kai ladan kabarin Baba. Amma ba a shuka itace a kan embankment, wato tudun da ya tare ruwa. Saiwa tana huda ƙasa, ruwa ya bi ta. A nemi wani wuri mana."

Abdulsalam ya yi dariya ya ce, "Kai Nazir, ni da na goya ka? A gonar Baba da itace muke tare zaizayar ƙasa. Ai na sani."

Nazir ya bar maganar, don ba a ja-in-ja da yaya, balle a kan maganar mahaifi. Sauran 'yan ƙungiyar kuwa murna suka yi da za a samu inuwa.

Itatuwan suka kama, suka yi reshe, suka yi kyau abin sha'awa. Shekaru suka wuce cikin jin daɗi. Duk Asabar Abdulsalam yakan zauna a ƙarƙashinsu da shayinsa, yana kallon tsofaffi suna hutawa a inuwa, tsuntsaye suna sheƙa a sama. Duk wanda ya zauna, sai ya ji a ransa an ƙara wa Baba lada. Gaskiya farin cikin da yake ciki ba na wasa ba ne.

Wata Babbar Sallah da ta faɗo a lokacin zafi, ya gayyaci iyalan Hausawa cin naman layya a wurin. Nazir ya zo daga Birmingham da iyalinsa. Aka shimfiɗa tabarmi, aka hura gawayi, yara suna ta guje-guje suna Turancinsu na Manchester. Nazir ya ɗauki tsirensa ya gangara bayan tudun. Bai daɗe ba ya dawo, fuskarsa a murtuke, ya ja yayansa gefe.

A gindin tudun ya nuna masa wani wuri. An yi makonni babu ruwan sama, ciyawa duk ta bushe, amma nan kore take shar, ƙasa ta yi laushi. Wani siririn ruwa yana tsatsafowa daga jikin wata saiwa, kuma ruwan ja ne.

Nazir ya ce, "Yaya, da ruwan fari ne da da sauƙi. Wannan ƙasar dam ɗin yake ɗebowa daga ciki. It's serious. Dole in kira council, hukumar gari, yanzu."

Abdulsalam ya ce, "A ranar Sallah? Ka san sare su za su yi? Itatuwan Baba ne fa, Nazir!"

"Na sani, Yaya. Ni ma Babana ne. Amma a duba can."

Abdulsalam ya duba. Can ƙasa jerin gidaje ne, wata mata tana shanya, yara suna wasan ƙwallo a bayan gida. A karon farko Nazir bai jira izininsa ba, ya ciro waya.

Kafin la'asar an rufe wurin. Aka shiga zuƙe ruwan da injina har ya ja baya, taɓo ya bayyana, agwagi suka tashi. Masana suka ce da an kai damina a haka, sai abin da Allah ya yi. Dam bai fashe ba, ko tsinke ba a rasa ba a gidajen nan, amma an sare itatuwan duka, an tono saiwoyinsu, wurin ya shekara a rufe. Tsofaffin da ya so ya ba inuwa, har wurin zaman suka rasa.

Ranar da aka sare na ƙarshe, Abdulsalam yana tsaye a bayan shinge, hawaye na zubo masa. Ba asarar wahalarsa ce ta dame shi ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, da sunan mahaifinsa ya kusa halaka mutane. Ya juya ya dafa kafaɗar ƙanensa ya ce, "Injiniya, ka yafe mini. In an buɗe, kai za ka nuna mini inda zan shuka."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kyakkyawar niyya ba ta isa ita kaɗai, sai an haɗa ta da sani. Kafin ka yi aikin alheri, tambayi wanda ya san abin, ko da ƙanenka ne da ka goya. Kai kuma da ka sani, kada kara ta sa ka yi shiru a inda rayukan mutane suke.