Albasa a Kwalekwalen Ceto

Akwai wata mata mai dafa abinci a wani babban jirgin ruwa, irin wanda yake kai mutane yawon shan iska a teku. Mijinta ma a nan yake aiki, shi ne mai shafa wa jikin jirgin fenti. Macen kirki ce, ga iya girki, ga fara'a. Aibinta ɗaya ne, ba ta iya ganin wuri babu komai ta ƙyale shi.

To, a gefen jirgin akwai wani ƙaramin kwalekwale a rataye, an lulluɓe shi da tampol. Shi ne kwalekwalen ceto. Kowace Talata ranar gwaji ce, shugaban jirgin yakan busa usur, ma'aikata su sa rigunan hana nutsewa, su sauke shi, su zagaya, su mai da shi wurinsa. Sauran kwana shidan kuwa yana nan a rataye.

Abin ya tsaya wa matar nan a rai. Ɗakin ajiyarta ya cika maƙil, ga wuri mai inuwa da iska yana zaman banza. Ta fara da buhun albasa ɗaya. Albasar kuwa ta ji daɗin wurin, ko ɗaya ba ta ruɓe ba. Sai doya ta biyo baya, sai jarkar manja, sai wata tsohuwar tukunya. Ran Litinin ta kwashe tas, ran Laraba ta mayar, ba wanda ya sani sai mijinta.

Ya ce mata, "Maman Tabita, wurin nan fa ba naki ba ne."

Ta ce, "Haba maigida, ai aro na yi. Yau shekara nawa ba wanda ya faɗa ruwa?"

Ran wata Alhamis da hantsi, teku a kwance lafiya lau, fasinjoji suna ta ɗaukar hoto, sai igiyar da mijin yake rataye da ita yana fenti ta tsinke. Usur ya ɗauka, aka yi ihu, "Mutum ya faɗa ruwa!" Matar ta fito da ludayi a hannu, ta leƙa, ta hango kan mijinta yana nutsewa yana tasowa. Babban jirgi kuwa ba ya tsayawa nan take, sai ƙara nisa yake yi da shi. Ma'aikata suka yaye tampol, suka tsaya cak. Ko wurin sa ƙafa babu.

Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ba ta jira kowa ba, ta yar da ludayi ta haye. Buhun da sai maza biyu suke ɗagawa, ita kaɗai ta cilla shi cikin teku. Doya ta bi, manja ya bi, tukunya ta bi, tana kuka tana cewa, "Ku sauke! Don Allah ku sauke!" Da yake hannun ma'aikatan ya saba da aikin, kafin ka ce me sun kai ruwa. Suka tarar da shi ya sha ruwa ya gaji, suka cafko shi ta wuyan riga.

Da aka hau da shi, jirgin duka ya ɗauki tafi da guɗa. Ya yi tari, ya buɗe ido, ya dubi matarsa ya ce, "Maman Tabita, da na ga albasa da manja sun biyo ni, cewa na yi miya za a yi da ni."

Tana dariya tana share hawaye, ta durƙusa gaban shugaban jirgin ta ce, "Yallaɓai, na yi laifi."

Ya ce, "Tashi, Mama, yau ranar murna ce. Amma daga yau ba mai ƙara sanin ranar gwaji."

Ran nan shinkafa ba albasa aka ci, kuma ba wanda ya bar saura a kwano.

Ma'anar wannan misali ita ce: Allah ya keɓe mana wurare a rayuwa, ya ce mu bar masa su. Akwai lokacin addu'a, akwai ranar hutu, akwai ɗan fili a zuciya domin ɗan'uwan da zai shiga wahala. Ku lura, matar nan ba kayan sata ta zuba ba, abinci ne mai kyau. Mu ma da abubuwa masu kyau muke cika wurin, da gona, da kasuwa, da waya. Ran Lahadi da safe mu kwashe mu zo sujada tsaf, ran Litinin mu mayar.

Amma wahala ba ta jiran Lahadi. Mun gode wa Ubangiji mai jinƙai, wanda yake ceto ko da mun makara, shi ya sa labarin nan ya ƙare da dariya. Duk da haka, 'yan'uwa, kowa ya je ya kwashe nasa tun yau da farin ciki. Ba ka san wanda zai faɗa ruwa ba, wataƙila da shi ka karya kumallo yau da safe.