Akwatin Wufa Mara Ƙofar Baya

A layinmu akwai wani mutum da muke kira Injiniya, ko da yake magani yake sayarwa a kanti, bai taɓa leƙa ajin injiniyoyi ba. Hannunsa dai na da albarka, wannan ba mai musu. Rediyo, fanka, dutsen guga, duk abin da ya mutu a gida sai ya tashe shi. Aibinsa ɗaya ne: bai yarda yana kuskure ba. In ka ce masa ga gyara, sai ya dube ka kamar ka taka masa ƙafa da gangan.

Wata shekara ya ƙudura sai ya haɗa wufa da hannunsa, wato babbar sufikar nan mai sauti mai kauri da ake ji har a ƙirji. Wata uku yana fama a ƙaramin ɗakin da ke jikin falo. Ya haɗa akwati mai zurfin da hannu ba ya kaiwa ƙarshensa, ya lulluɓe cikinsa da auduga, ya fafe rami a gaba inda sufikar za ta zauna. Can a bangon baya, ta ciki, ya kafa kurosoba, wani ɗan allo mai naɗin wayoyi wanda aikinsa raba sauti: mai kauri ya tafi wufa, siriri ya tafi ƙananan sufiku.

Yayansa kafinta ne, shi ya yanka masa katakon. Ranar da za a rufe bayan akwatin ya ce masa, “Ƙanena, ɗaure bayan nan da sukuru takwas. In wani abu ya taso, sai ka kwance ka gyara.”

“Haba Yaya, sukuru ai iska yake bari ta tsere. Gam zan sa. Aikina ba a sake buɗe shi.”

“To shi ke nan. Ban san sauti ba, amma na san akwati.”

Injiniya ya malala gam, ya bi da ƙusa ashirin, ya gayyaci abokansa da Yayan su zo ranar Asabar ƙarfe huɗu su ji abin mamaki.

Ranar Asabar da tsakar rana ya jona amfilifaya, na’urar ƙara ƙarfin sauti, ya kunna. Wufar da aka yi wata uku ana wa hidima ta saki wata ’yar murya kamar kukan sauro, ƙananan sufikun kuwa suka hau karkarwa kamar za su yage. Nan take ya gane: ya musanya wayoyi biyu a jikin kurosoba. Aikin minti goma ne, da a ce bayan akwatin yana buɗuwa.

Ya leƙa kicin ya ce wa matarsa, “Maman yara, gwaji zan yi. Ko me kika ji, kada a buga mini ƙofa.” Ya murza mukulli ta ciki, don kada wani ya ga Injiniya na gyara aikin Injiniya. Ya kwance sufikar, ya jona ƙarfen narka dalma a soket ɗin bakin ƙofa, ya ajiye wayar salularsa kan tebur. Da tocila a hagu, ƙarfe a dama, ya miƙa hannuwansa cikin ramin, ya cusa kai, ya karkace kafaɗu ya kutsa har ƙirji.

A gaskiya ya gyara wayoyin, kuma ya gyara su da kyau. Da ya ja da baya ne kafaɗun suka ce ba su san zancen ba. Ya karkata hagu, katako ya cije shi a haƙarƙari. Ya karkata dama, haka. Ya gwada shigewa gaba ɗaya don ya juyo, tumbi ya tsaya a bakin rami. Shiga ta ƙi, fita ta ƙi.

Da farko dariya ta kama shi. Ba ta daɗe ba. Ƙarfen da ke hannunsa yana ta ƙara zafi, wayar ƙarfen ta bi ƙarƙashin ƙirjinsa ya danne ta, ba ta jawuwa balle ta zare daga soket. Ya haska tocila yana neman inda zai ajiye shi. Sama auduga, ƙasa auduga, dama da hagu auduga. Shi da kansa ya manna ta, bai bar ko faɗin tafin hannu ba, har yana alfahari da hakan. Dole ya riƙe ƙarfen a sama, nesa da bango, nesa da fuskarsa.

Zufa ta fara shiga idonsa, ba hannun sharewa. Akwatin da ya toshe don kada iska ta fita, yanzu iska ba ta shiga, jikinsa ne ya zama murfin. Yana jan numfashi, warin gam da dalma na cika masa maƙogwaro. Duk da haka ya yi kusan minti ashirin bai kira kowa ba. Abin da yake hangowa kawai fuskar Yaya, da abokansa tsaye suna kallon ƙafafunsa.

Sai da hannun dama ya soma sagewa tsoro ya kama shi sosai, irin tsoron da ke kashe kunya. Ya buɗe baki ya ƙwala, “Maman yara!” Audugar ta shanye muryar kamar yadda aka sa ta ta yi. Ya sake, ya sake, har muryar ta dushe. Ya koma dukan ƙasa da ƙafafu, yana buga gwiwa a jikin akwatin: dum, dum, dum.

A kicin matarsa ta ji, ta yi murmushi ta ce wa ’yarsu, “Kin ji abin Babanki ya fara aiki. Kada ki je wajen.”

Hannun ya gaji ya sauka. Bakin ƙarfen ya taɓa auduga, wani baƙin tabo ya bayyana ya fara faɗi, hayaƙi na tashi a gaban hancinsa. Ya saki tocilar ya murtsuke wurin da tafin hagu, ƙarfen ya lashe shi a wuyan hannu. Tocilar ta gangara ta mutu. A cikin duhun nan ya yi kuka, kukan gaske, yana tari yana kiran sunan Allah.

Ƙauri ne ya cece shi. Matar ta shaƙa, ta buga ƙofa ba amsa sai dum, dum. Ta ruga ta kashe wutar gidan gaba ɗaya, ta kira Yaya a waya tana cewa, “Yaya, ka zo da kayan aiki, ƙanenka na ciki, ƙauri nake ji!”

Yaya ya ɓalle ƙofar. Ya ga ƙafafu biyu suna lilo daga bakin akwati, bai yi dariya ba, bai tsaya tambaya ba. Ya ƙwanƙwasa katakon ya ce da ƙarfi, “Janye hannunka, kada ka motsa!” Ya ɗora zarto a bayan akwatin, daidai inda ya ce a sa sukuru. Da katakon ya faɗi, haske da iska suka shiga, fuskar Injiniya ta bayyana baƙi ƙirin, auduga manne a gemu. Sai da aka tsaga gaban ma kafin aka zare shi. Aikin wata uku ya zama itacen hura wuta, ana cikin haka abokai suka yi sallama.

Yana zaune a ƙasa, matarsa na zuba masa ruwa a ƙunar, ya ɗaga kai da ƙyar ya ce, “Yaya, sukuru nawa ka ce?”

“Takwas. Amma sha ruwa tukuna.”

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kuskure ba ya kashe mutum, toshe hanyar gyara ne ke kashe shi. Injiniya ya liƙe bayan akwatinsa, ya kulle ƙofarsa, ya hana iyalinsa bugawa, duk don kada a ce ya yi kuskure, kuma kowanne daga cikin ukun ya juyo ya kama shi. In za ka yi aiki, ko kai gwani ne, ka bar inda za a buɗe a gyara, ka kuma bar wanda zai iya ce maka ba haka ba ne.